Kafin Ku Yi Rajista: Lissafi Da Saikoloji A Shekarar Farko Ga Mai Karatun Kimiyyar Ƙwaƙwalwa

Ƙannena da kuka sami gurbin karatun kimiyyar ƙwaƙwalwa a jami'o'in Amurka ko Kanada, barkanku da sauka. Tun ba ku gama gane hanyar ɗakin kwananku ba za a ce ku yi rajistar kwasa-kwasai, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu muka fara tuntuɓe. Mun saba a miƙo mana jadawali a ce ga abin da za ku karanta. A nan kuwa dogon jeri za a ajiye muku, ku za ku zaɓa, ku kuma za ku kwana da abin da kuka zaɓa. Bayoloji da kemistiri ba su cika ba da ciwon kai ba, domin galibi sashe ya riga ya tsayar da wanda za a fara da shi. Inda ake kai-komo shi ne lissafi da saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam.

Bari in fara da lissafi, don shi ne ya fi damuna. Na sha haɗuwa da ɗalibai da suka zaɓi wannan fanni da fatan sun rabu da lissafi ke nan. Duk wanda ya zo da wannan fata, ya ajiye ta tun a bakin ƙofa. Ƙwayar jijiya da wutar lantarki take aika saƙo. Ko tana hutawa, akwai bambancin kusan milibolt 70 tsakanin cikinta da wajenta, saboda sinadarin fotashiyam ya fi yawa a ciki, sodiyam kuma ya fi yawa a waje. Dabarar da ake lissafa wannan bambanci da ita, wadda ke ɗauke da sunan Walther Nernst, a kan logaridim take tsaye. Idan logaridim yana ba ku tsoro, darasin farko na jijiya zai zame muku haddar da ba fahimta a cikinta.

A shekarar 1952 wasu masana biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka bayyana yadda saƙo ke tashi ya bi jijiya. Sun yi aikin ne da jijiyar wata halittar teku da ake kira sikwid, saboda kaurinta ya isa a zura waya a ciki. Abin da suka fito da shi lissafi ne guda huɗu masu bayyana yadda abu ke canjawa daga wannan daƙiƙa zuwa ta gaba, kuma Huxley da na'urar lissafi ta murzawa da hannu ya warware su. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. Wannan lissafin canji, shi ne kalkulas. Don haka idan kuka ga an sa muku shi cikin sharuɗɗa, ba don a wahalar da ku ba ne.

Jami'o'i da yawa za su ba ku gwajin tantance matakin lissafi kafin rajista, wasu da manhajar ALEKS suke yi. Roƙona gare ku, ku yi shi da gaskiya, ku kaɗai, ba tare da buɗe littafi ko tambayar wani ba, ko da a ɗaki kuke babu mai ganinku. Wannan gwaji ba ya shiga makin digiri. Aikinsa kawai ya nuna inda kuka tsaya. Idan ya ce ku koma kwas ɗin share fagen kalkulas, ku koma, babu kunya a ciki. Ni da kaina na ƙi bin wannan shawara a shekarata ta farko, don ina ganin na ci lissafi da kyau a sakandare. Sai da aka yi jarrabawar tsakiyar zango na gane cewa kalkulas ɗin ina bin sa, aljabara da tirigonometiri ne suke kayar da ni a kowace tambaya. Na janye daga kwas ɗin, na yi asarar zango guda. Girman kai ne ya ja mini, ba wani abu ba.

Idan kuwa gwajin ya ce kun isa kalkulas, sai wata mararraba ta biyo. A wurare da yawa iri biyu ne: akwai wanda aka tsara don masu karatun halittu, akwai na masu injiniya da fiziks da lissafi. Na farkon ya fi sauƙi, misalansa kuma sun fi kusa da abin da kuke so, kamar yaɗuwar ƙwayoyin cuta ko yadda magani ke raguwa a jini. Amma a wasu jami'o'in, wanda ya yi shi ba a ba shi damar wucewa zuwa manyan kwasa-kwasan lissafi, sai ya dawo ya sake na biyun. Wannan ita ce tambayar da nake so kowannenku ya yi kafin ya danna komai: wannan kwas, ina yake kaiwa? Ku buɗe kundin kwasa-kwasai na jami'a, ku duba abin da ake buƙata kafin a shiga kalkulas na biyu, da aljabarar matiris, da fiziks. Ra'ayina shi ne, wanda yake da ƙarfin yin na masu injiniya ya yi shi, musamman idan zuciyarsa tana karkata ga bincike da kwamfuta ko nazarin hoton ƙwaƙwalwa. Ɗan shekara goma sha takwas bai san ɓangaren da zai kama shi nan da shekara biyu ba, bai kamata ya kulle wa kansa ƙofa tun yanzu ba. Wanda kuma ya tabbata likitanci ya nufa, kuma sashe ya amince da na farkon, ba laifi ya ɗauke shi.

Akwai wani lissafin da ake rainawa, alhali a aikin yau da gobe ya fi kalkulas yawan fitowa: ilimin ƙididdiga. Ga wani labari da malamai ke son bayarwa, kuma gaskiya ne. A 2009 wani mai bincike, Craig Bennett, da abokan aikinsa suka sa mataccen kifi a na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka nuna masa hotunan mutane, sai sakamako ya nuna kamar wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kifin yana aiki. Da gangan suka yi, don su nuna cewa idan aka gwada dubban wurare a lokaci ɗaya ba tare da gyaran da ƙididdiga ta tanada ba, dole wasu su fito kamar gaskiya bisa dace kawai. A 2015 kuma wata babbar tawaga ta sake gudanar da bincike 100 na saikoloji da aka riga aka wallafa, sai kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Fannin da kuka shigo ya sha wannan darasi da ɗaci, shi ya sa duk ɗakin binciken da za ku nemi shiga zai so ya ji ko kun san ƙididdiga. Sau da yawa sashen saikoloji yana da nasa kwas ɗin, sashen lissafi yana da nasa, kuma ba lallai digirinku ya karɓi duka biyun ba. Ku tambaya. Ba dole ne a yi shi a zangon farko ba, amma kada ya wuce farkon shekara ta biyu.

Saikoloji kuwa, zaɓin shekarar farko ba shi da yawa: kwas ɗin gabatarwa, wanda kusan duk sauran suke buƙata. Ku yi shi da wuri, zangon farko ko na biyu. Kada sunan wasu kwasa-kwasai ya ruɗe ku, irin na taɓin hankali ko na mafarki, suna nan suna jiranku. Kada kuma ku ɗauka labari ne kawai ake sha. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Leipzig a 1879, da awo fannin yake tafiya. Kuma abin da muka sani game da inda ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu, da yawansa ya samo asali ne daga aikin wata masaniyar saikoloji ta Montreal, Brenda Milner, da wani majiyyaci da aka yi wa tiyata a 1953, aka cire masa ɓangarorin ƙwaƙwalwa don maganin farfaɗiya, ya wayi gari ba ya iya riƙe sabon abin da ya faru. Ta hanyar gwada halayyarsa aka gane aikin abin da aka cire. Mai niyyar likitanci a Amurka ya sani kuma, tun 2015 jarrabawar MCAT, ta neman shiga makarantar likitanci, ta ƙunshi sashe na saikoloji da ilimin zamantakewa.

Wahalar wannan kwas ga sabon zuwa ita ce yawan karatu da Turanci. Babi guda kan cinye yamma guda, jarrabawar kuma ta zaɓin amsa ce, inda amsoshi biyu za su yi kama har sai an lura da kalma ɗaya. Aji ne mai ɗaruruwan mutane, ba wanda zai lura kun ɓace. A jami'o'i da dama za a nemi ku shiga wasu gwaje-gwajen sashen a matsayin waɗanda ake nazari a kansu, ko ku yi wani rubutu a madadin haka. Ku gama da wannan tun farkon zango, a ƙarshe guraben cika suke yi.

Sai batun nauyi. Digiri a Amurka kusan kiredit 120 ne a shekara huɗu (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), wato 15 kowane zango, kuma ana ƙiyasta kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar awa biyu ta karatun kai. Kemistiri da bayoloji kowanne yana zuwa da ɗakin gwaji mai cin awanni da rahoton da za a rubuta. Idan kuka haɗa su biyun da kalkulas da saikoloji, kaya ya cika, kada ku ƙara wani mai nauyi don burge kowa. A nan akwai abin da ɗan ƙasa ba zai tuna ya faɗa muku ba, don bai shafe shi ba. Mai bizar F-1, wato bizar ɗalibai ta Amurka, dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, kuma kwas ɗaya ne kacal na intanet ake ƙirgawa a ciki. Idan kuka yi rajistar 12 cif, sannan kalkulas ya gagara, ba ku da damar janyewa ba tare da kun taɓa matsayinku na zama ba. Shi ya sa nake ba da shawarar 15, yadda ko an ajiye mai kiredit uku ana nan a kan iyaka. Ku lura, kalkulas a wurare da yawa kiredit huɗu ne, don haka ku yi wannan lissafi da kanku. Kada ku ajiye kowane kwas sai kun fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje. A Kanada ƙa'idojin daban ne, amma can ma yawan kwasa-kwasanku yana shafar izinin yin aiki, don haka ofishin nan shi ne wurin fara tambaya.

Makon farko ko na biyu akan bar ƙofa a buɗe a sauya kwas ba tare da ya fito a takardar sakamako ba. Ku rubuta ranar rufewar a inda za ku gani. A cikin waɗannan kwanaki ku karanta takardar tsarin kowane kwas, ku gwada aikin gida na farko na lissafi ku kaɗai, ku je wurin malami a awannin da ya ware don ganin ɗalibai. Mun taso da jin nauyin malami, amma a nan don ku yake zaune a ofis a wannan lokaci, matambayi kuma ba ya ɓata. Idan za ku ga mai ba ku shawara na sashe, ku tafi da takarda ɗauke da kwasa-kwasan da kuke hange na shekara ta uku, ku roƙe shi ku bi su tare da baya-baya, har ku iso kan lissafin da ya kamata ku fara da shi wannan zangon.