Rainon money plant a cikin ɗaki

Masu sayar da furanni a bakin titi suna ce wa wannan shukar money plant. Ita ce mai yaɗon nan, mai koren ganye da ratsin rawaya. Asalinta tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, inda take hawan bishiyoyi a ƙarƙashin inuwa. Shi ya sa zaman ɗaki bai dame ta ba, amma ranar Kano ta watan Afrilu tana ƙona mata ganye. Tawa tana gefen tagar gabas, bayan labule mara kauri. In kika ga ratsin rawayan yana ɓacewa, ganye ya koma kore zalla, duhu ya yi mata yawa, ki matso da ita kusa da haske.

Abin da ya fi kashe ta a gidajenmu ruwa ne. Mun saba da shukar tsakar gida da ake ba ruwa safe da yamma, sai mu yi wa wannan haka, saiwarta ta ruɓe. Ni ba na ƙirga kwanaki. Yatsa nake cusawa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu: in da danshi na bar ta, in ta bushe na zuba har sai ya fito ta ƙasan tukunyar, na zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara ƙasar kan bushe da wuri, da damina kuwa takan daɗe a jiƙe. Ganye ya yi rawaya kuma ƙasa na jiƙe, ruwa ya yi yawa. Ganye ya yi laushi ya sunkuya kuma ƙasa ta bushe, ƙishi ne, da kin ba ta za ta miƙe.

Tukunya dole ta zama da huda a gindi. Na fi son ta ƙasa a kan ta roba, don tana tsotse rarar ruwa. Ki haɗa ƙasa da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki wari zai cika miki ɗaki, ya kuma ƙona saiwa.

Hunturu ne lokacin wahalarta. Iska ta bushe, bakin ganye ya yi ja-ja, ƙura ta lulluɓe shi. Ki riƙa goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, sama da ƙasa, kuma ki ɗauke ta daga saitin na'urar sanyaya ɗaki. A wajen gugar za ki iya cin karo da wasu fararen ƙwari masu kama da auduga a hammatar ganye. Auduga da sifirit sun ishe su.

Ƙara yawanta ba sai kin sake saye ba. Ki duba jikin reshe, daidai inda ganye ya fito, akwai ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa. Daga nan saiwa ke tsirowa. Ki yanka ƙasa da shi kaɗan, ki tsoma a kwalbar ruwa, ki riƙa canza ruwan kowane mako. Saiwa ta kai tsawon yatsa, sai ki dasa. Reshen da ba shi da ƙullutun nan ba zai taɓa kamawa ba. In kina son manyan ganye, ki kafa mata sanda da aka naɗe da igiyar rama ta hau, don wadda ke reto ƙasa ganyenta ƙanana ne.

Mai yaro mai rarrafe ko kyanwa, ta ɗora tukunyar a sama. Ruwan jikin ganyen yana sa zafi da kumburin baki in aka tauna.