Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Tsofaffin Jiragen Bama-bamai Don Gidan Tarihi

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ƙera jirgin B-17 guda 12,731, Birtaniya da Kanada kuma suka ƙera Lancaster 7,377. Da aka ajiye makamai, sai aka jera su a filaye aka sassare, aka narkar. Yau cikakkun B-17 da suka rage ba su kai 50 ba, Lancaster kuwa ba su kai 20 ba. Mu ma tarihin nan ya ratsa ta sararin samaniyarmu, domin daga 1940 a Takoradi ake harhaɗa jiragen Blenheim, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, har su dangana da Khartoum da Alƙahira.

Abin da ya yi saura ba shi da madadi. Wani abin baƙin ciki kuma, yawancin ɓarnar da ta sami waɗannan jirage bayan yaƙi daga hannun masu ƙaunarsu ta fito.

Babban kuskure, wanda ya haifi sauran, shi ne son a mayar da jirgi sabo fil. Ana kawo shi sai a kankare fenti gaba ɗaya, a ɓamɓare faci, a canja duk fatar da ta lotsa, a fesa sabon fenti mai sheƙi. Mai kallo zai yaba, amma garin neman gira an rasa ido: ƙarfen da ya je fagen daga yana kwandon shara. A dubi abin da gidan tarihin Smithsonian na Amurka ke yi da Flak-Bait, jirgin B-26 da ya kai hari sama da sau 200 a Turai, ya dawo da faci fiye da 1,000 a jikinsa. Tun 2014 ake aikinsa, kuma ba a sake masa fenti ba. Inda fentin asali ke ɓarewa, a liƙe shi ya zauna. Datti ma sai an tantance shi, wanne ne ƙurar ɗakin ajiya da za a share, wanne ne tabon mai da hayaƙin inji na lokacin yaƙi da za a bari. Aikin ya fi fesa sabon fenti cin rai nesa ba kusa ba, amma wanda ya tsaya gaban jirgin zai ga kowane faci a inda makanike ya buga shi, a daren da ya buga shi.

Ba kowane jirgi ne ke zuwa da fentinsa na asali ba. Wasu an shafa musu fenti sau da yawa bayan yaƙi, dole a cire. A nan ma akwai tarko. Fatar jirgin gaurayen alminiyom ne da jan ƙarfe, an lulluɓe shi da siririn shafi na alminiyom tsantsa, kuma wannan shafin ne ke tare tsatsa. Wanda ya sa injin fesa yashi ko samfefa mai kaushi ya cinye shi cikin ɗan lokaci, ya bar ƙarfen tsirara. Haka ma mai yawan goge jirgi don ya riƙa walƙiya. Hanyar da ta dace ita ce a bi fenti hawa-hawa, da sinadari mai sauƙi ko ƙwayoyin roba masu laushi, a fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri, kuma a ɗauki hoton kowane hawa kafin a wuce shi. Da aka cire fentin wani shahararren B-17 mai suna Memphis Belle a gidan tarihin sojojin saman Amurka da ke Dayton, sai ga sunayen mutane birjik an karta a jikinsa tun zagayen da ya yi a biranen Amurka a 1943 don tara kuɗin yaƙi. Da yashi aka fesa, da babu wanda zai san suna nan.

Labarin Memphis Belle ɗin nan shi ne kuma shaida a kan kuskure na gaba, wato barin jirgi a waje. Birnin Memphis ya cece shi daga narkarwa da dala 350, niyya mai kyau. Amma sai aka girke shi a fili shekara da shekaru, rana da ruwa suna dukansa, masu son abin tunawa suna kwashe mitoci da duk abin da hannu zai iya kwancewa. A 1987 aka mayar da shi ƙarƙashin rumfa a Mud Island, rumfar kuma ba bango, tattabaru suka mayar da ita gida. Sai a 2005 aka ɗauke shi zuwa gidan tarihin sojojin saman Amurka, aka shafe shekara 13 ana aiki kafin a buɗe shi ga jama'a ranar 17 ga Mayu, 2018. Enola Gay, jirgin B-29 da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, shi ma ya sha irin wannan a sansanin Andrews na Amurka cikin shekarun 1950, tsuntsaye suka yi sheƙa a cikinsa. A Toronto kuwa wani Lancaster ya haura shekara 30 a kan ginshiƙi a bakin tafkin Ontario kafin a sauke shi a 1999.

Jirgin da ke waje daga ciki yake ruɓewa. Da rana ya ɗauki zafi, da dare ya huce, raɓa ta taru a cikinsa ta gangara ƙasan ciki da gindin fukafukai. Duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyom ga danshi, alminiyom ne ke cin wuya. Alamar farko wani farin gari ne a kewayen kan ƙusa, ko fenti ya ɗan kumbura kamar ƙurji. Idan aka ga fatar ta fara tashi falle-falle, to cutar ta riga ta shiga cikin ƙarfen. Kashin tsuntsu yana ƙara wutar abin, rana kuma tana tsattsaga gilashin roba na hanci da na wurin 'yan bindiga, ta ƙona yadin da aka lulluɓe fiffiken juyawa da shi. Maganin ɗaya ne, gini mai rufi da bango. A ganina ƙungiyar da ba ta da halin gina shi gara ta miƙa jirgin ga mai hali, komai zafin rabuwar. Kafin a samu ginin, a buɗe ramukan fitar ruwa na ƙasan jirgi, a toshe kafofin shigar tsuntsaye da raga, a cire tsofaffin tsummokaran rufin ciki masu riƙe danshi, a rufe gilasai.

Jirgin da aka tsamo daga ruwa lamarinsa daban ne, kuma kuskuren a nan shi ne a bar shi ya bushe. Gishirin teku ya riga ya shige kowane lungu, iska na taɓa shi tsatsa za ta tashi haiƙan. Shi ya sa lokacin da gidan tarihin sojojin saman Birtaniya ya ɗago Dornier Do 17 na Jamus daga Goodwin Sands, kusa da gaɓar tekun Ingila, a Yunin 2013, bayan shekara 73 a ƙarƙashin teku, ba a kai shi zauren nuni ba. Reshen gidan tarihin da ke Cosford aka nufa da shi, aka sa shi cikin rumfunan leda ana yi masa feshin ruwa mai sinadarin tsami irin na lemo, wata da watanni, don ya saki gishiri da ɓawon halittun teku. Duk mai niyyar ciro jirgi daga ruwa, ya tanadi wurin wanki da kuɗinsa tun kafin ƙugiya ta taɓa shi. In babu, barinsa a inda yake ya fi masa alheri.

Akwai jiragen Halifax na Birtaniya guda biyu da aka ciro daga tafkunan Norway, kuma sun nuna hanyoyi biyu. W1048, wanda aka harbo a 1942 lokacin farmaki kan Tirpitz, jirgin ruwan yaƙin Jamus, an ɗago shi a 1973 aka ajiye shi a gidan tarihi na Hendon da ke Landan kusan yadda aka same shi. NA337 kuwa an ciro shi daga tafkin Mjøsa a 1995, masu sa kai a Trenton ta Kanada suka yi shekara 10 suna sake gina shi. Zuciyata ta fi karkata ga na Hendon, amma ba zan kira na Trenton kuskure ba, domin yaron da bai taɓa ganin Halifax a tsaye kan tayoyinsa ba yana da haƙƙin gani. Kuskuren shi ne a fara kwance ƙusa ba a zauna an yanke wace hanya za a bi ba, a rubuce, da dalilanta.

Sai zumuɗin tashi sama. A 1947 wani B-29 mai suna Kee Bird ya yi saukar dole a arewacin Greenland, sanyi ya adana shi kusan shekara 50. Wata tawaga ta je ta sa masa sababbin injuna huɗu da farfela, da nufin ta tuƙo shi ta sama. A watan Mayun 1995, yana gudu kan ƙanƙara, mai ya zube daga tankin ƙaramin janaretan da ke bayansa, wuta ta kama, jirgin ya ƙone a gaban idonsu. Da an kwance shi gunduwa-gunduwa an kwaso, da yau yana gidan tarihi. Na san daɗin jin rurin injuna huɗu a sama, kuma Lancaster biyu da ke tashi har yanzu, ɗaya a Coningsby ta Birtaniya ɗaya a Hamilton ta Kanada, suna koya wa mutane abin da allon bayani ba zai iya ba. Amma jirgi mai tashi dole a riƙa canja masa sassa, ga kuma haɗari: B-17 mai suna Nine-O-Nine ya faɗi a Connecticut ranar 2 ga Oktoba, 2019, mutum 7 suka rasu. Jirgin da ke da tarihin yaƙi na kansa, ko wanda shi kaɗai ya rage a irinsa, ƙasa ce wurinsa.

Wani abin da masu sa kai ke rainawa shi ne lafiyarsu. Lambobin mitocin ɗakin matuƙi da fentin radiyom aka rubuta su don su haska da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, sai mutum ya ɗauka guba ta tafi, alhali radiyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kada a buɗe gilashin mita, wadda ta fashe kuma a ƙulle ta a leda a kira masani da na'urar awo. Akwai asbestos a kewayen bututun hayaƙi da na ɗumama ciki, fentin share fage mai ruwan ɗorawa kuma ƙurarsa na jawo ciwon daji. Jirgin da aka ɗauko daga inda ya faɗi yana iya zuwa da harsasai masu rai.

Kuskuren launi da suna ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ana ɗaukar jirgin da bai taɓa zuwa yaƙi ba a rubuta masa sunan wani shahararre, ba a faɗa wa mai ziyara ba. Ko a shafe cikin jirgi da kore daga hanci zuwa wutsiya, alhali B-17 da yawa sun fito daga masana'anta da mafi yawan cikinsu ba fenti. Masu gyaran Memphis Belle sun koma ga faifan fim mai launi da aka ɗauka a 1943, suna bi hoto-hoto don kowace alama ta zauna a gurbinta. Haka ake yi: lambar jirgi, takardun masana'anta, hotunan ranar da aka zaɓa, a tsaya a kan rana ɗaya kada a gauraya. Duk sabon sashe da aka ƙera a buga masa alama da shekara ta ciki, tsohon da aka cire kuma a adana shi da lamba, ko da ya ruɓe. Bayan shekara 50 wani mai bincike zai buƙaci sanin wanne ne na gaske.

Kafin duk wannan akwai tambayar na wane ne. Swamp Ghost, B-17 da ya sauka cikin fadama a Papua New Guinea a 1942, an ciro shi a 2006, gwamnatin ƙasar ta hana fita da shi, rigima ta riƙe shi har 2010. Lady Be Good kuwa, B-24 da aka gano a hamadar Libiya a 1958, masu wucewa suka yi ta yagarsa har gwamnati ta kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994. A Birtaniya dokar 1986 ta hana tono tarkacen jirgin soja ba da lasisi ba, saboda da yawansu kaburbura ne. A nemi izinin hukuma da yardar mutanen wurin, kuma in akwai alamar gawa a dakata.

Allon bayani ma wani ɓangare ne na aikin. Enola Gay ya ci kimanin sa'o'i 300,000 na gyara, amma abin da ya tayar da ƙura a 1995 rubutun da za a sa a gefensa ne, har aka soke baje kolin da aka tsara, daraktan gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, Martin Harwit, ya ajiye aiki. Wannan jirgi ne ya jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, kuma an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu kafin ƙarshen shekarar. Allon da ya tsaya kan tsawon fukafuki da gudun inji ya tauye gaskiya. Haka ma wanda ya manta cewa rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya ta rasa mutum 55,573, yawancinsu samari. A rubuta duka biyun, kuma a tattauna da tsofaffin soji da iyalan waɗanda bam ya faɗa wa tun ana tsara rubutun.

Daga ƙarshe, ranar yanke ƙyalle ba ita ce ranar gama aiki ba. Jirgin da aka bari kan tayoyinsa, robar za ta lotsa ta tsage, don haka a ɗora nauyinsa kan jak a ƙarƙashin gatari. A tsiyaye mai, a shafa wa cikin injuna man hana tsatsa, a sa ƙwayoyin tsotse danshi a riƙa canja su, a rage hasken da ke cin yadi da fenti. A kuma sa shinge. Hancin Flak-Bait ya zauna a zauren nuni a Washington tun 1976, kuma inda hannun baƙi ke kaiwa, shafa yau shafa gobe ta cinye fentin har ƙarfe ya bayyana. Kasafin kuɗin gidan tarihi ya ƙunshi mutumin da zai riƙa shiga cikin jirgin da tocila da madubi a kai a kai, yana duba gindin fukafukai da ƙasan ciki, yana rubuta abin da ya gani a littafin jirgin.