Kallon farko: kurakuran da masu koyon ba da shawara suka fi yi

Kafin mai neman shawara kan damuwarsa ya gama zama a kujera, zuciyarka ta riga ta ce wani abu a kansa. Haka ƙwaƙwalwa take aiki. A 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton da ke Amurka sun nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na sakan ya ishi mutum ya kalli fuska ya yanke ko mai ita abin yarda ne. Ƙarin lokacin kallo bai sauya hukuncin sosai ba, sai tabbaci da ya ƙara wa masu kallon.

Saboda haka ɗalibin da ke cewa "ni ba na yi wa kowa hukunci" ya fi ba ni tsoro, domin abin da ka musanta ba ka iya sa masa ido. Gyaran yana da sauƙi. Bayan an tashi daga zama, raba takarda biyu: gefe guda abin da idonka ya gani, ɗaya gefen abin da ka fassara. "Bai haɗa ido da ni ba" gani ne. "Yana ɓoye wani abu" fassararka ce. Wataƙila kunya ce, wataƙila ladabi, wataƙila bai runtsa ba daren jiya.

Wani kuskuren shi ne barin hali guda ya rufe sauran, abin da masanin halayyar ɗan'adam Edward Thorndike ya bayyana tun 1920 da ya duba yadda hafsoshi ke auna sojojinsu. Mutum ya shigo tsaf-tsaf, magana a natse, har da murmushi, sai ka tsallake tambayar ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Wannan tsallakewar tana iya cin rai. Tambayoyin da suka zama dole, a yi wa kowa su, komai kyawun shigarsa.

Wanda ya fi wuyar ganewa kuwa daga cikinka yake fitowa. Wata ta fara magana, muryarta irin ta wadda ta taɓa wulaƙanta ka, sai ka tsinci kanka kana duban agogo. Wani ya yi kama da ƙaninka, sai ka riƙa ƙara masa lokaci, kana gaggawar kawo masa mafita tun bai gama bayani ba. Likita kuma masanin halayyar ɗan'adam Sigmund Freud ya ambaci wannan tun 1910. Duk wanda ke wannan aiki yana da tabonsa, kuma ba abin kunya ba ne. Matsalar tana farawa ne idan mai neman shawara ya biya bashin da ba shi ya ci ba. Kai kaɗai da wuya ka gano shi. A tsarin tagar Johari, wanda Joseph Luft da Harrington Ingham suka fito da shi a 1955, akwai ɓangaren halinka da wasu ke gani kai ba ka gani. Don haka ka kai maganar gaban malamin da ke duba aikinka, ka faɗa masa ƙarara: "Malam, mutumin nan yana ƙona min rai, ban san dalili ba." Idan abu guda ya yi ta maimaituwa, kai ma ka nemi mai ba ka shawara.

Wasu kuma sukan zarce, su shagala da bincikar zuciyarsu ana tsakiyar zama har su daina sauraro. Idan wani abu ya motsa maka, lura da shi, ka ajiye shi sai an tashi, ka mai da hankalinka kan wanda ke gabanka.