Kurakuran da Malaman Tiyata Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

Tun 1924 da aka buɗe makarantar likitanci a Khartum ake horar da likitoci a Sudan, kuma har gobe yawancinmu a tsaye muka koyi tiyata, kusa da kafaɗar Mista, kamar yadda muke kiran babban likitan fiɗa a nan. Ka gani sau ɗaya, ka yi sau ɗaya, sai a ce ka koyar. Da wannan tsarin muka tashi, amma yana da ramuka, kuma malami ne ya fi faɗawa cikinsu.

Babban cikinsu shi ne ɗauka cewa hannu ɗaya ne ke aiki ko'ina. Na'ibi, wato likita mai koyon ƙwarewa, da ya yi wata shida yana rufe bangon ciki da zare mai kauri mai lamba 1 ya saba da ja da ƙarfi. Ka kai shi sashen jijiyoyin jini, ka miƙa masa siririn zare mai lamba 6-0, sai ya tsinke shi ko ya yage jijiyar. Na ido kuwa 10-0 ne, ya fi gashin kai siranta, sai da madubin ƙara girma ake ɗinki da shi. Na taɓa yi wa wani yaro tsawa kan ja da ƙarfi a ɗinkin hanji, daga baya na gane laifina ne, don ban taɓa gaya masa hanji haɗa bakinsa ake yi ba shaƙewa ba. Ɗinki ya yi tsauri, jini ya daina kai wa gefen, nama ya mutu, bayan kwanaki ya ɓalle. Yanzu duk wanda ya zo mini daga wani sashe, sai ya yi mako yana ɗinka hanjin tunkiya daga mahauta kafin ya taɓa mutum. Kuɗinsa bai kai na shayin safe ba.

Sai koyar da abin da za a yanke, a manta da abin da ba a taɓawa. Kowane fanni da nasa haramtaccen wuri. A aikin maƙoƙo, jijiyar da ke motsa murya tana kwance a bayan ƙullin maƙoƙon. Ka ji mata rauni a gefe ɗaya murya ta dishe, a gefe biyu numfashi ya gagara. A cire mahaifa, bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda yana ratsawa ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifar, a nan ake ɗaure shi ba a sani ba. A cire madaciya da kyamara, ƙa'idar da aka tsara a 1995 ita ce kada a datse komai sai an ga abu biyu kacal suna shiga madaciyar. Don haka kafin ka ba ɗalibi almakashi, ce masa: "Ɗana, nuna mini abin da kake gudu." In bai nuna ba, almakashin ya zauna a hannunka.

Akwai kuma Mistan da hannunsa gwani ne, bakinsa a kulle. Ya gama ƙaba cikin minti ashirin, ɗan imtiyaz, wato sabon likita mai shekarar horo, bai ga komai ba sai gwiwar hannunsa. Gyaran hawa huɗu ne: yi a saurinka, sake yi a hankali kana bayani, sai ɗalibi ya riƙa faɗa kana aikatawa, sannan ya yi da kansa yana faɗin kowane mataki. Hawa na ukun ne muke tsallakewa, alhali a nan ake kama wanda ya haddace bai fahimta ba.

Ƙwace wuƙa da zarar ɗalibi ya yi jinkiri ma kuskure ne, muddin jini ba ya ambaliya. Raba aikin, yau buɗewa, gobe rufewa.

Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne harshe. Takardar duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 tana da abubuwa 19, ciki har da tabbatar da sunan majinyaci da gefen da za a yi wa aiki. Muna koya wa yara su karanto ta da Larabci kamar hadda. To ga tsohuwa Bahaushiya daga Mai Wurno ko ƙauyukan Gadarif, Larabcinta na cefane ne, kowace tambaya "aiwa", wato "e", za ta ce don kunya. In akwai Bahaushe a ɗakin, shi ya kamata ya durƙusa ya ce, "Iya, wace ƙafar ce ke damun ki? Ɗora hannunki a kai." Sannan a sa alama da alƙalami tun ba a ba ta maganin barci ba. Ciwon madura, mai kumbura ƙafa yana cin nama da ƙashi, da ya yi yawa a jihohin Jazira da Sinnar, yana kai wasu ga yanke ƙafa, kuma a irin wannan aikin ba na yarda a shafa maganin wanke fata sai na ga alamar da idona.