Yadda Ake Auna Hawan Jini da Bugun Zuciya, a Zaune da Lokacin Gwajin Motsa Jiki

Yawancin awon da ke fitowa ba daidai ba, tun daga wajen zama ake ɓata shi. Kafin a ɗaura komai, mutum ya zauna minti 5, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ba tare da ya harɗe su ba. Minti 30 kafin nan kada ya sha kofi ko sigari, kada ya yi aikin ƙarfi. In yana jin fitsari ya fara yin sa tukuna, domin cikakkiyar mafitsara tana ɗaga lambar awon.

A ɗora hannun a kan tebur, damtse ya yi daidai da tsayin zuciya. Hannun da ke lilo yana ƙara lamba. Maɗaurin, wato abin da ake naɗawa a damtse a hura masa iska, ya hau fata kai tsaye, gefensa na ƙasa ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Girmansa abin lura ne ƙwarai: jakar iskar da ke ciki ta zagaye kusan kashi 80 cikin 100 na damtsen. Ƙaramin maɗauri a kan katon damtse zai nuna hawan jinin da babu shi, kuma a kan wannan kuskuren ana iya ɗora wa mutum magani na shekaru.

In da hannu ake awon, a hura iska har bugun wuyan hannu ya ɓace, a ƙara 20 zuwa 30 mmHg (ma'aunin ƙarfin jini) a kan ma'aunin, a aza abin sauraro a lanƙwasar gwiwar, sannan a saki iskar sannu, 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Inda aka fara jin ƙwanƙwasa, lambar sama ke nan. Inda sautin ya ɗauke, ita ce ta ƙasa. Mai gaggawar sakin iska yakan tsallake ƙwanƙwasar farko. A yi sau biyu, da tazarar minti 1 zuwa 2, mara lafiya kuma ya yi shiru.

Ƙasa da 120/80 mmHg lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu hawan jini in an samu 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban.

Bugun zuciya kuwa, a ɗora manuni da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ta gindin babban yatsa. Ba a amfani da babban yatsa, yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. In bugun yana tsalle, a ƙirga cikakken minti. Babba a zaune, 60 zuwa 100 a minti. 'Yan wasa kan sauka har 40 zuwa 50 ba tare da wata illa ba.

A gwajin motsa jiki, inda ake auna zuciya mutum yana tafiya a kan na'ura, lissafin ya bambanta. A tsarin Bruce, ɗaya daga cikin hanyoyin yin gwajin, ana farawa da tafiyar kilomita 2.7 a awa a kan na'urar tafiya, kowane minti 3 a ƙara sauri da tudu. Ana ƙiyasta ƙololuwar bugu da cire shekarun mutum daga 220, ana kuma so ya kai kashi 85 cikin 100 na hakan. Ɗan shekara 40: ƙololuwa 180, abin nema 153. Ƙiyasi ne kawai, kuma masu shan magani irin atenolol, mai rage bugun zuciya, da wuya su kai.

Lambar sama ya kamata ta riƙa hawa tare da aiki, sau da yawa zuwa 160 har 200. Wuce 210 ga namiji ko 190 ga mace ya yi yawa. Ta ƙasa takan tsaya, ko ta motsa da bai fi 10 ba. A nan awon hannu ya fi, domin girgiza tana rikita na'ura mai aiki da kanta. Mutum ya saki ƙarfen riƙo, mai awon ya tallafe masa hannu.

Abin da ya fi ba da tsoro shi ne lambar sama ta faɗi fiye da 10 ƙasa da inda ta fara alhali aiki yana ƙaruwa, wato mai yiwuwa zuciya ta kasa tura isasshen jini. A dakata. Haka ma in lambar sama ta haura 250, ko ta ƙasa ta haura 115, ko aka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe.

Kada a kwance maɗauri da an sauka daga na'urar. A minti na farko ya kamata bugun ya ragu da fiye da 12. In bai yi ba, a rubuta wa likita. A ci gaba da awo har minti 6 zuwa 8, ko har lambobin su koma kusa da na farko.