Fulogin iridium ko na gama-gari?

'Yan uwa masu doguwar tafiya a babur, kar ku sa ran fulogin iridium, wato wanda aka yi bakinsa da wani ƙarfe mai tauri da ake kira iridium, zai ƙara wa inji gudu. Ni na gwada duka biyun a hanyar Kano zuwa Katsina, ban ji wani bambanci ba. Amfanin na iridium shi ne daɗewa: bakinsa siriri ne kamar allura, ba ya saurin cinyewa, da sanyin asuba kuma injin kan fi saurin tashi.

Abin lura shi ne lambar da ke jikin fulogin, ta yi daidai da wadda littafin babur ya ce. Sai jabu, wallahi ya cika kasuwa. Wani ya taɓa sayar mini da mai tambarin NGK, sati biyu babur ya fara tari. In kuɗi sun yi kaɗan, sayi na gama-gari na asali, ka jefa guda ƙarƙashin kujera da sifanarsa.