Yadda ake fitar da kusurwar gini da tef da igiya kawai

Ka taɓa shiga ɗaki ka ga layin tayil na jikin bango ya fara da faɗin tafin hannu, ya ƙare da faɗin yatsa biyu? Mai tayil ne ke shan zagi, alhali tun ranar da aka ja igiyar harsashi kusurwar ta karkace.

Kusurwa ita ce buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka haɗu wuri guda, kuma da digiri ake auna ta. Cikakken juyi digiri 360 ne, miƙaƙƙen layi 180. Rabin wannan, wato 90, ita ce magina ke kira sukwaya, kuma ita ake nema a kowane lungu na ɗaki.

A kan takarda abin da sauƙi. Ka ɗora tsakiyar firotirakta, wato 'yar robar nan ta auna kusurwa, a mahaɗar layukan, sifili ya hau layi ɗaya, ka karanta inda ɗayan ya faɗa. Sai dai lambobinta jeri biyu ne. Bi jerin da ya fara daga layinka, in ba haka ba ka rubuta 60 a inda amsa take 120. A fili kuwa wannan 'yar roba ba ta ɗaukar aikin, don kuskuren digiri 1 kacal kan kautar da bango mai ƙafa 12 da kusan inci biyu da rabi.

Nan ne lissafin 3, 4, 5 ke shigowa. Tanadi tef, igiya, turaku da ƙananan ƙusoshi, da mutum ɗaya mai riƙe maka.

Da farko kafa turke a inda kusurwar za ta zauna, ka buga ƙusa a kansa. Daga kan ƙusar nan za a yi duk wani awo. Kada ka auna daga jikin turke, kaurinsa kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. Ja igiya ta bi layin bangon farko, ta yi tsai ba lanƙwasa, ka auna ƙafa 3 a kanta ka yi alama.

Ja igiya ta biyu daga ƙusar zuwa ɓangaren ɗaya bangon, da ido kawai tukuna, ka yi alama a ƙafa 4. Sai ka shimfiɗa tef tsakanin alamomin biyu. In ya ba ka ƙafa 5 cif, sukwaya ta fita. In ya haura 5 kusurwar ta buɗe da yawa, a matso da igiya ta biyu ciki. In bai kai ba ta tsuke, a tura ta waje. Igiyar farko ba a taɓa ta. Sannu-sannu ake gusawa ana sake awo, har 5 ta zauna, sannan a kafa turke.

Dalilin shi ne darasin Fisagoras da aka yi mana a sakandare muna hamma: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, a haɗa 25, wato 5 sau 5. Ni dai in fili ya ba da hali na fi son 6, 8, 10 ko 9, 12, 15, domin tsawon awo yana tona kuskuren da gajere ke ɓoyewa. Da mita ma haka yake, muddin ba a gauraya ta da ƙafa ba.

Bayan kusurwoyi huɗu sun fita, tabbatar bangaye masu fuskantar juna tsawonsu ɗaya, sannan ka auna a gicciye, daga lungu zuwa lungun da ke kallonsa, ka sake ta ɗaya hannun. Dole awo biyun su zo ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 16, gicciyensa 20 ne. In sun dace, a bi igiya da toka a shata layi, a kira masu haƙa.